Kakar 2020/2021 ta Babbar Gasar Ƙwallon Ƙafa ta Nijar da Matsayin Jahar Damagaram a Cikinta

Tsakure

Wannan maƙala ta ɗauki kakar wasa ta 2020/2021 ta gasar Super Ligue, wato babbar gasar ƙwallon ƙafa ta Jamhuriyar Nijar, wadda ƙungiyar jandarmomi ta USGN ta lashe, ta auna ta da ma'aunin mazaunin karkarar Damagaram, musamman Kwaya da sauran garuruwan gundumomin Magarya da Dungas. An bi jerin zakarun gasar, an dubi waɗanda suka mallaki ƙungiyoyin, sannan aka kwatanta tsarin da na Nijeriya da kuma na kokowar gargajiya. An gano cewa nasarar USGN ci gaba ce ga wani tsari da ya mayar da kambun gasar hannun ƙungiyoyin hukumomin gwamnati masu mazauni a Yamai. Tsarin ya ƙarfafa 'yan wasa, amma ya raba gasar da yankin da ya fi kowane yawan jama'a.

1.0 Gabatarwa

Kakar 2020/2021 ta zo ne bayan wadda annobar korona ta katse, aka tashi babu zakara a 2020. Da aka dawo fili, sai USGN ta ɗauki kambu karo na farko a tarihinta, ta kuma haɗa da Kofin Ƙasa a shekarar 2021 ɗin. Mai kallon teburin gasar kawai zai ce an samu sabon zakara, ke nan gasar tana buɗewa ga kowa. Wannan maƙala tana ganin akasin haka. Sunan zakaran sabo ne, amma irinsa ba sabo ba ne.

Dalilin tsayawa a Kwaya a hango gasar shi ne, ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna jahar Damagaram ce kan gaba a Nijar da mutane sama da miliyan 3.5, alhali birnin Yamai ya ɗara miliyan 1 da kaɗan. Gundumar Magarya kaɗai, wadda ƙaramar hukumar Kwaya take cikinta, ta haura rabin miliyan, ko da yake an cire mata Dungas a 2011. Idan har gasa ta amsa sunan ta ƙasa, to a irin wannan wuri ya kamata a gwada ta.

2.0 Jerin Zakaru: Abin da Tarihi ya Nuna

Tun da aka soma gasar a 1966, sau biyu kaɗai kambu ya fita daga Yamai. Jangorzo ta Maraɗi ta ɗauka a 1983, Espoir ta Damagaram ta bi sahu a 1984. Daga 1985 zuwa kakar da ake magana a kanta, babu wata ƙungiya daga sauran jahohi bakwai da ta sake hawa wannan matsayi. Wanda aka haifa a Kwaya shekarar da Espoir ta yi nasara, ya kai shekara 37 lokacin da jandarmomi suka ɗaga nasu kofin.

A cikin Yamai ɗin ma an samu sauyi mai muhimmanci. A da, ƙungiyoyin unguwanni ne suke cin karensu babu babbaka: Olympic, wadda ta samo asali daga Secteur 6, da Sahel, da Zumunta, da kuma JS Ténéré da ta yi tashe a 2000 da 2001. Sahel ce ta fi kowa yawan kambu, amma rabonta da shi tun 2009. Olympic ta ci a 2012, kuma daga nan ƙofa ta rufe wa irin waɗannan ƙungiyoyi. AS Douanes ta jami'an kwastan ta lashe a 2013 da 2015. AS GNN ta rundunar gardi ta ƙasa ta lashe a 2014. AS FAN ta sojoji ta ɗauka a 2016 da 2017, AS SONIDEP ta kamfanin man fetur na gwamnati ta ɗauka a 2018 da 2019. Sai USGN a 2021. Abin da ya biyo baya ma bai sauya zani ba, domin ASN Nigelec ta kamfanin wutar lantarki ce ta karɓa a 2022, AS GNN ta dawo a 2023.

3.0 Dalilan Rinjayen Ƙungiyoyin Hukuma

Dalili na farko shi ne aljihu. Gasar Nijar ba ta samun kuɗin talabijin ko na 'yan kallo da zai riƙe ƙungiya shekara guda. Saboda haka duk wadda take da uwa a gindin murhu, wato runduna ko kamfani mai kasafin kuɗi na shekara, ita ce take iya biyan ɗan wasa a kan kari, ta ba shi masauki, ta yi masa magani idan ya ji rauni. Ƙungiyar gari kuwa ta dogara ne da attajiri ɗaya ko biyu da ɗan abin da hukumomin yanki suka tsakura mata. Ranar da attajirin ya gaji, ƙungiya ta durƙushe. Yaron da ya yi fice a Damagaram ba ya buƙatar mai ba shi shawara kafin ya gane inda zai dosa.

Dalili na biyu shi ne hanya, kuma a nan ya kamata a ɗan dakata, domin masu sharhi daga babban birni ba su cika ba shi nauyinsa ba. Tsakanin Damagaram da Yamai akwai kimanin kilomita 900 a kan babbar hanya ta ɗaya. Motar da ta ɗauko 'yan wasa za ta ratsa Takieta da Tasawa da Maraɗi, ta bi ta Madawa da Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, kafin ta shiga Yamai. Tafiya ce ta yini cur, daga asuba zuwa bayan isha'i, ƙafafu a naɗe tsakanin kujeru, abinci kuma sai abin da aka samu a tasha. Ɗan wasan da ya sauko daga wannan mota ƙafarsa a kumbure take, bayansa a sage. Washegari ko jibi zai fuskanci wanda ya kwana a ɗakinsa, ya yi atisaye a filin da ya saba. Tun da mafi yawan ƙungiyoyin gasar a Yamai suke, wasan da ake rubuta wa ƙungiyar Yamai a matsayin na waje sau da yawa a filin Janar Seyni Kountché ake yin sa, ko wani fili na cikin gari. Ita kuwa ƙungiyar jaha, kusan kowane wasan waje sai ta biya kuɗin mai da na masauki da na ciyarwa. Ta Arlit ma tafiyarta ta haura kilomita 1,000. A takarda kowa wasa ɗaya yake yi a gida, ɗaya a waje. A aikace ba haka abin yake ba.

Arlit ta ba da misali na daban. Ƙungiyoyinta na Akokana da Urana sun daɗe suna wakiltar arewa a babbar gasa, kuma ba abin mamaki ba ne, domin garin na ma'adinin yuraniyom ne, akwai ma'aikata masu albashi. Sai ga shi a ranar 31 ga Maris 2021, ana tsakiyar wannan kaka, kamfanin COMINAK ya rufe mahaƙarsa ta Akouta da ke kusa da garin. Duk abin da ya rage kuɗi a irin wannan gari, to ya taɓa ƙwallonsa. Damagaram kuwa tana da matatar man SORAZ tun 2011, amma ƙungiyar da take ɗauke da sunan man fetur a gasar, wadda ta ci kambu biyu a jere, a Yamai take zaune.

4.0 Abin da Tsarin ya Haifar a Waje

Adalci ne a faɗi amfanin wannan tsari, domin yana da shi. Kambun 2021 ya kai USGN Gasar Zakarun Afirka, inda ta fitar da Le Messager Ngozi ta Burundi, sannan ta haɗu da Al Ahly ta Masar mai riƙe da kofin. A Yamai an tashi 1-1, sakamakon da ba kowa ya zata ba. A Alƙahira kuwa ta sha kashi da ci 6-1. Daga nan ta faɗo Kofin Ƙalubale na CAF, ta kawar da DC Motema Pembe ta Kwango, ta shiga matakin rukuni tare da RS Berkane ta Maroko da Simba ta Tanzaniya da ASEC Mimosas ta Kwaddibuwa. Ta ƙare a ƙarshen rukunin, amma ta doke ASEC a gida, ta kuma yi canjaras da Berkane wadda daga bisani ta ɗauki kofin. Kafin wannan, AS FAN ce ta taɓa kai wa wannan mataki a 2010. Duka biyun ƙungiyoyin masu kaki ne.

Haka nan a gasar CHAN ta 'yan wasan cikin gida da aka yi a Aljeriya farkon 2023, ƙungiyar ƙasa ta Nijar, wato Mena, ƙarƙashin Harouna Doula ta doke Gana da ci 2-0, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, ta ƙare a matsayi na huɗu. Waɗannan 'yan wasa Super Ligue ce ta rene su. Ba za a ce tsarin bai iya samar da gwanaye ba. Tambayar ita ce, su wa yake samar wa gwanayen?

5.0 Gasar a Idon Ɗan Kwaya

Matashin Kwaya ba baƙon ƙwallo ba ne. Da la'asar, bayan an taso daga gona ko daga kasuwa, fili ne na rairayi a bayan gari, an kafa itace biyu an ɗaura igiya a sama, wasu da takalmin roba, wasu ƙafa ba takalmi. Da daddare kuma gidan kallo ne: rumfar zana ko ta kwano, bencina a jere, janareto yana ruri a waje, an rubuta wasannin ranar da alli a jikin allo a bakin ƙofa, mai karɓar kuɗi yana amsar sefa yana amsar naira ba tare da gardama ba. Abin da ake rubutawa a allon nan Real Madrid ne da Barcelona, Arsenal da Chelsea. Yaron da zai lissafo 'yan wasan Madrid har da na benci, da wuya ya kawo sunan mai tsaron ragar zakaran ƙasarsa.

Sau da yawa akan ɗora laifin wannan a kan tauraron ɗan'adam da son abin Turai. Wannan bayani bai wadatar ba, kuma Kano ce shaida. Can ma gidajen kallo cike suke da masoya Turai, amma filin Sani Abacha yana cika idan Kano Pillars za ta yi wasa. Pillars ta ci gasar Nijeriya a 2008, sannan sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ɗin nan daga Gasar Zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. A watan Afrilun 2021, daidai lokacin da ake fafata kakar da muke nazari, Ahmed Musa ya koma Pillars, labarin da ya karaɗe duk inda ake jin Hausa. Bambancin shi ne, yawancin ƙungiyoyin Nijeriya gwamnatocin jihohi ne suke riƙe da su. Wannan ma tsari ne mai nasa matsaloli, ciki har da jinkirin albashi da katsalandan na 'yan siyasa, amma ya sa ƙungiya tana ɗauke da sunan gari, mutanen garin kuma suna jin tasu ce. Mutum yakan ce shi Bakano ne ko Badamagare. Ba ya cewa shi ɗan kwastan ne sai in can yake aiki.

Ga ɗan Magarya da Dungas, waɗanda iyakarsu ta haɗu da Jigawa da Katsina, Kano tana nesa da Damagaram da kimanin kilomita 240 kawai, kasuwarsu ɗaya, harshensu ɗaya, rediyon da suke saurare ma sau da yawa ɗaya ne. Yamai kuwa sai an yi shirin tafiya. Har manyan gasannin da Nijar ta karɓi baƙuncinsu ba su iso gabas ba: ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2015 a Yamai aka yi, ta 'yan ƙasa da 20 a 2019 kuma Yamai da Maraɗi.

Kokowar gargajiya ta nuna cewa ba ƙaunar wasan gida ce ta yi ƙaranci ba. Gasar takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, tana zagaya jahohi, kowace jaha tana zuwa da 'yan kokowarta, ana kuma zaɓo su tun daga matakin gunduma. Shi ya sa idan an sa zare, manomi a Kwaya yakan kasa kunne a rediyo, domin wanda ke cikin fili ɗan jaharsa ne, wataƙila ma ya san ƙauyensu.

6.0 Shawarwari

Hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, FENIFOOT, wadda Djibrilla Hima Hamidou ya karɓi shugabancinta a 2009, ita ce ke da ikon gyara mafi sauƙi a cikin waɗannan matsaloli. Kuɗin tafiya bai kamata ya zama nauyin kowace ƙungiya ita kaɗai ba. A tara shi a asusu ɗaya, a raba gwargwadon kilomitar da kowa zai ci a kaka. Jadawali ma a tsara shi ta yadda ƙungiyar jaha za ta yi wasa biyu a zuwa ɗaya.

Gyara na biyu ya fi wuya, amma shi ya fi tasiri. Jandarmomi da sojoji da gardi da kwastan da kamfanin lantarki duk suna da rassa a kowace jaha, kuma harajin da kuɗin wutar da suke riƙe da ƙungiyoyinsu daga ko'ina ake tara su. Babu abin da ya wajabta a ce dukkansu a Yamai za su zauna. Ko da ba a tayar da su gaba ɗaya ba, ana iya wajabta wa kowace ta buga wani kaso na wasanninta na gida a Damagaram ko Tawa ko Difa. A ƙasa kuma, hukumomin jahar Damagaram da ƙananan hukumomin Magarya da Dungas su kafa gasar gunduma mai jadawali tsayayye a lokacin rani, mai haɗe da matakin jaha, domin ɗan wasan Kwaya ya san tsanin da zai taka zuwa Espoir. Muddin ba a yi haka ba, Super Ligue gasar birnin Yamai ce da ake gayyatar baƙi daga jahohi, kuma rabon Damagaram da kambu zai ci gaba da zama 1984.