Kuɗin Cizo a Cikin Gafaka

Kuɗin cizo ba ya cin takarda. Jini yake sha, in ya ƙoshi kuma ya nemi tsagar da zai laɓe: ɗinkin katifa, bakin tabarma, ko ɗinkin gafakar da aka ajiye kusa da shimfiɗa. Masu cin littafi su ne gara da asu da ƙananan ƙwarin da ke huda shafi tun daga bango har bango. Duk da haka ƙwaron yana da matsayi a tarihin littattafan ƙasar Hausa, domin maganin da ake yi masa kan fi shi ɓarna.

Katsina ta daɗe da littafi. A ƙarni na 17 ne Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, da Wali Ɗan Marina suka yi zamani a birnin, kuma ilimin da ya fito daga irin zaurukansu ya bazu har ƙauyuka. Littafin wancan zamani ba a ɗinke shi. Warƙoƙi ne a sake, da yawansu takardar Italiya mai tambarin jinjirin wata uku da fatake ke kawowa ta hamada. A kan tara su cikin bangon fata, a ɗaure da tsirkiya, a zura cikin gafaka, a rataye a jikin bango.

Wannan tsari kariya ne, ko da masu shi ba su kira shi da wannan suna ba. Abin da ke rataye ya yi nesa da gara da damshin ƙasa da shimfiɗar mai barci. Warƙar da ba a ɗinke ba tana da sauƙin kaɗewa ɗaya bayan ɗaya. Mafi muhimmanci, littafin a hannu yake kullum: almajiri ya buɗe da safe, malam ya duba da dare, in ya tsufa a kwafe sabo. Ƙwaro ba ya son wurin da ake yawan motsa shi. Kayan kwanciya kuwa maganinsu rana ce da tafasasshen ruwa, kuma kimiyya ta gaskata matan gida a nan, domin zafin da ya kai digiri 50 yana kashe kuɗin cizo har da ƙwansa.

Ƙarni na 20 ya zo da sauyi biyu. Na farko shi ne tattarawa. Daga shekarun 1950 aka soma kwaso rubuce-rubucen hannu zuwa gidan tarihi na Jos da ma'adanar ƙasa ta Kaduna, sannan Arewa House da aka kafa a 1970. An ceci littattafai masu yawa ta wannan hanya, amma littafin da ya shiga kabad ya rabu da hannun da ke kaɗe shi kowace rana. Na biyu shi ne guba. A 1939 aka gano cewa DDT yana kashe ƙwari, duniya ta ɗauka an gama da kuɗin cizo, sai ga shi kafin shekara goma ya soma jure maganin. Tun daga nan tsere ake yi tsakaninsa da masu haɗa magunguna, kuma birnin Faris ya ɗanɗana kuɗarsa a 2023.

Manyan ɗakunan karatu sun gaji da guba tun da jimawa. A 1977 ƙwari masu huda littafi suka shiga ɗakin karatu na Beinecke a Jami'ar Yale ta Amurka, sai aka naɗe littattafan a leda aka daskarar da su kwana uku a sanyin digiri 36 ƙasa da sifili. Daskararwa ta zama hanyar da aka fi yarda da ita, tare da killace duk sabon kaya kafin ya shiga ma'adana, da shara, da dubawa a kai a kai. In aka cire firiza, sauran duk aikin zauren malam ne.

Inda batun ya fi tsanani a yau ba ma'adanar gwamnati ba ce. Ƙauyukan Safana da Batsari ne, irin su Babban Duhu, da ke daf da dajin Rugu, inda hare-haren 'yan bindiga suka shekara da shekaru suna tayar da mutane daga gidajensu. Mai gudu cikin dare ba ya ware kaya. Alƙur'anin kaka da tabarma da bargo a ɗauri ɗaya suke tafiya, su sauka a ɗakin ɗan'uwa ko ajin makaranta inda mutane suka cunkushe, wato inda kuɗin cizo ya fi samun abinci. Wanda ya gudu kuma ya bar littattafan, gara ya bar wa su, ita kuwa damina ɗaya ta ishe ta.

Idan cizo ya yi yawa, hannu kan kai ga fiya-fiya ko kananzir. A kan tsohuwar takarda wannan asara ce: mai yana barin tabon da ba ya fita, tawadar da aka haɗa da ƙaro tana narkewa in ta jiƙa, gubar kuma tana komawa yatsun mai karatun da ke lasar yatsa kafin ya juya warƙa. Shanya littafi a tsakar rana ma tana busar da fata ta tsattsage, ta kuma gasa takarda.

Firiza na buƙatar wutar da ba ta ɗaukewa har tsawon kwanaki, abin da ko a Katsina sai an yi dace. Abin da ya rage wa mai gafaka shi ne a fitar da warƙoƙin a inuwa, a share kowacce da busasshen buroshi mai laushi ba tare da an rikita jerinsu ba, a bi ɗinkin fatar da kyau domin nan ƙwan ke maƙalewa. Gafakar da ake zargi a rufe ta cikin leda, a bushe sarai, a ɗaure bakin, a rataye nesa da makwanci. Sai kuma haƙuri, domin kuɗin cizo kan yi watanni bai sha jini ba kuma bai mutu ba.