Sankarar Mabiyya: Nazari a Kan Cuta Mai Wuyar Samuwa, Mai Jin Magani

Tsakure

Maƙalar nan ta yi bitar sankarar da ke tsirowa daga mabiyya, wadda likitoci ke kira koriyokasinoma, ta bi diddigin asalinta da tarihin maganinta, sa'an nan ta kafa hujja cewa ɓarnar da take yi a yau tana zuwa ne daga jinkirin ganewa da yankewar bibiya.

Muƙaddima

Alhali hankalin masana ya karkata ga sankarar bakin mahaifa saboda yawan matan da take ɗauka, akwai waɗansu nau'o'in da ƙarancinsu ya sa ake gafala da su, kuma daga cikinsu babu wadda sha'aninta ya kai na wannan ban mamaki, domin ba daga naman jikin mace take fitowa ba, daga ƙwayoyin cikin da ta ɗauka ne. Likitan Jamus Felix Marchand ne ya tabbatar da wannan asali a 1895.

Asali da alamomi

Kimanin rabin masu cutar suna samunta ne bayan cikin da bai zama ɗa ba, wanda a cikinsa mabiyya ke rikiɗa ta koma tarin ƙulle-ƙullen ruwa kamar 'ya'yan inabi. Sauran kuwa bayan ɓari ne, ko haihuwa lafiyayya. Cikin da bai zama ɗa ba yakan faru kusan sau ɗaya a kowane ciki 1,000 a Turai, ya fi haka a Asiya, kuma ya fi aukuwa ga 'yan mata masu ƙarancin shekaru da matan da suka haura 40. Cutar tana bin jini da gaggawa, ta fara sauka a huhu, daga nan farji, hanta ko ƙwaƙwalwa. Saboda haka sai mace ta zo da tarin jini, a ɗora ta a kan maganin tarin fuka wata da watanni, ba wanda ya tambaye ta yaushe rabonta da ciki.

A nan ya kamata a dakata a kan jinin da ya ƙi tsayawa bayan haihuwa. A mazhabar Malikiyya iyakar jinin biƙi kwana 60 ne, abin da ya wuce haka istihala ne, mace ta yi wanka ta koma salla. Hukuncin ibada ke nan, kuma daidai ne a muhallinsa, amma bai ɗauke wajabcin neman sanin sababin jinin ba. Macen da ta ce wa kanta "ai istihala ce" ta yi shiru tana iya kasancewa ɗauke da cutar da gwaji guda zai fallasa.

Magani

Ƙwayoyin wannan sankara suna fitar da sinadarin hCG, shi ne dai wanda tsinken gwajin ciki ke nunawa a fitsari, don haka yawansa a jini mizani ne na girman cutar. A 1956, a Cibiyar Sankara ta Ƙasa da ke Bethesda a Amurka, Min Chiu Li da Roy Hertz suka warkar da mai cutar da ta riga ta bazu da maganin metotireksat, karo na farko da magani kaɗai ya kawar da ƙullin sankara irin wannan. Li ya dage kada a tsayar da magani sai sinadarin ya ɓace daga jini, ko da hoto ya nuna ƙari ya tafi. Aka sallame shi daga aiki a kan haka, daga baya gaskiyarsa ta bayyana. A Ingila kuma, aikin Kenneth Bagshawe a asibitin Charing Cross ya kai ga kafa rajistar ƙasa a 1973, inda ake bin duk macen da ta yi cikin da bai zama ɗa ba da gwaji har ta tsira. A ƙarƙashin irin wannan tsari kusan dukkan masu ƙaramin haɗari suna warkewa, masu babban haɗari ma fiye da kashi 90 cikin 100, kuma akasarinsu da mahaifarsu, suna iya sake haihuwa bayan hutun shekara guda.

Shawarar wannan maƙala ga asibitocinmu ita ce a aika duk abin da aka fitar a wankin ciki ɗakin bincike, a rubuta sunan mai shi a rajista, kuma duk macen da jini ya ƙi tsaya mata bayan ɓari ko haihuwa a auna mata hCG kafin a sallame ta.