Tarihin Raba Rumbun Bayanai Tsakanin Kwamfutoci

A wannan ɗan taƙaitaccen rubutu ina so in waiwayi yadda rumbun bayanai, wato ma'ajiyar lissafin banki ko rajistar ɗalibai, ya tashi daga cikin kwamfuta guda ya bazu a garuruwa.

A shekarar 1970 ne E. F. Codd na kamfanin IBM ya fito da dabarar jera bayanai cikin jadawali. A zamanin nan kwamfuta ɗaya ke riƙe da kome. In ta tsaya, aiki ya tsaya. To, da yake tun 1969 an fara haɗa kwamfutocin jami'o'in Amurka ta hanyar ARPANET, sai masana suka ga ai ana iya raba rumbun. Wajen ƙarshen shekarun 1970 aka gina SDD-1 a jihar Massachusetts, Michael Stonebraker kuma ya faɗaɗa INGRES a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley.

A ganina, babbar wahalar da suka tarar ita ce yadda kwamfutocin za su zama baki ɗaya. Alal misali, a cire kuɗi daga asusu a wannan gari don a zuba a wancan, sai waya ta yanke a tsakani. Ina kuɗin ya shiga?

A 1978 Jim Gray ya bayyana mafita mai hawa biyu, wadda ta yi kama da aikin dillali a kara. Da farko kwamfuta guda ta tambayi sauran, “Kun sallama?” In duk sun amsa, ta ce ciniki ya faɗa, kowa ya rubuta. In ɗaya ta ce “albarka”, an fasa ke nan. Aibin dabarar shi ne, in dillali ya ɓace bayan an sallama, mai saye da mai sayarwa sai su yi cirko-cirko.

A 2000 Eric Brewer ya nuna cewa idan hanya ta yanke, dole a zaɓi ɗaya: ko a ba da amsa nan take wadda mai yiwuwa ta tsufa, ko a dakata har a tabbatar. Kamfanin Google, cikin tsarinsa Spanner da ya bayyana a 2012, har da agogunan atam ya haɗa don kwamfutocinsa su yarda da abin da ya riga wani faruwa.

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, duk ran da aka cire kuɗi a asusunku bai isa ba, ku tuna tsohuwar matsalar nan ce ta leƙo.