Haɗarin bin babbar mota a kan babur

Babur ɗin da ke gudun kilomita 80 a sa'a guda yana shafe kimanin mita 22 cikin kowace daƙiƙa. Saboda haka idan buhun masara ko gungumen itace ya suɓuto daga tirela, wanda ya manne mata a baya ba ya samun sukunin taka birki, balle kaucewa.

Wannan ne ya sa masu koyar da tuƙi ke ba da shawarar barin tazarar akalla daƙiƙa huɗu. Sau da yawa kayan da ba su ɗauru ba sukan nuna alama: igiya na reto, tamfol na kaɗawa, ko lodi ya karkata gefe. Tsakuwar da ke zubowa daga tifa ma ta isa ta sa tayar babur santsi.

Direban tirela ba ya ganin abin da ke dab da bayansa, haka ma yawancin gefensa na dama. A Najeriya da Nijar, inda ake tuƙi a hannun dama, ta hagu ake wuce mota. Tirelar da za ta yi kwana dama takan fara buɗewa hagu, kuma gurbin da ta bari yakan rufe a kan duk wanda ya kutsa cikinsa.