Zare: Ruwa a kan jarirai, annobar 1996, da yadda tiyatar ƙwaƙwalwa ta iso Arewa

1/ Jiya a layinmu a Fagge na ji wata mata na cewa jaririn maƙwabciyarta "ɗan ruwa ne", wai don kansa na ta girma. Maganar ta tsaya min a rai, domin an taɓa faɗa wa ƙanwata ita. Bari in ba ku tarihin ciwon nan da aikin da ake masa. Da ɗan tsawo, ku yi haƙuri. 🧵

2/ Mu fara da 1996, da yawanku ba a haife ku ba. A shekarar annobar sanƙarau ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, sama da 11,000 suka rasu, akasari a Arewa. Har Saudiyya ta dakatar da maniyyatanmu. Ni lokacin shekarata tara.

3/ Asibitin Zana da ke France Road ya cika maƙil, likitocin MSF na aiki ba dare ba rana. A nan ne kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200, 11 suka rasu. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75.

4/ Na kawo wannan ne don ku gane daga ina tsoron asibiti na iyayenmu ya ƙaru. Ƙanwata Nana ba ta cikin yaran gwajin. Tana wata huɗu ta kamu, aka kwantar da ita, ta tashi. Muka yi murna, Umma har sadakar waina ta raba.

5/ Bayan wata biyu hular da aka saƙa mata ta daina shiga. Maɗigarta ta kumbura, jijiyoyi suka fito raɗa-raɗa a goshi, idanunta suka koma kallon ƙasa. Ga amai, ga kuka. Aka yi rubutu, aka yi turare, aka kira wanzami. Kai dai sai ƙaruwa yake.

6/ Ga abin da ke faruwa a ciki. Ƙwaƙwalwa na samar da wani ruwa garai-garai da ke kare ta. A babban mutum kusan rabin lita ne a rana, wato ledar fiya wata ɗaya. Ruwan na bin wasu 'yan hanyoyi ya zagaya, sai jini ya shanye shi.

7/ Sanƙarau kan bar tabo ya toshe hanyoyin. Ruwa na zuwa, mafita babu. Ƙasusuwan kan jariri ba su gama haɗewa ba, shi ya sa kan ke buɗewa yana girma, ƙwaƙwalwa na matsuwa. Wasu kuma da toshewar ake haihuwarsu, musamman masu ƙari a gadon baya.

8/ Ciwon ba sabo ba ne. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba a Andalus da ya rasu wajen 1013, ya yi bayaninsa a littafinsa At-Tasrif, har da yadda ake tsaga fatar kai a fitar da ruwan. Matsalar ita ce ko an fitar, wani ruwan na nan tafe.

9/ An shafe ƙarnuka ana neman hanyar da ruwan zai riƙa fita kullum ba tare da ya dawo ba. A 1955 aka haifa wa wani Ba'amurke, John Holter, ɗa mai suna Casey da wannan ciwo. Holter ba likita ba ne, ma'aikacin injina ne a Filadelfiya.

10/ Ya zauna ya ƙera ɗan ƙaramin bawul na roba mai barin ruwa ya wuce gefe ɗaya kawai. A 1956 likita Eugene Spitz ya fara sa wa yara. Casey ya rasu yana ɗan shekara biyar, amma bawul ɗin babansa ya ceci yara masu ɗimbin yawa a duniya.

11/ Abin da ake kira shant ke nan: siririn tiyo da ake sakawa cikin kai, a bi da shi ta ƙarƙashin fata, ta bayan kunne da ƙirji, har cikin ciki. Can ruwan ke zuba jiki ya shanye. Daga waje ba ka ganin komai sai ɗan tudu a bayan kunne.

12/ To yaushe irin aikin nan ya zo Najeriya? A 1962 Dakta Latunde Odeku ya dawo daga Amurka, inda ya ƙware a Jami'ar Michigan, ya buɗe sashen tiyatar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Ibadan. Shi ne ɗan Najeriya na farko a fannin. Ya rasu a 1974 yana da shekara 47.

13/ Farfesa Adelola Adeloye ya ci gaba daga inda ya tsaya. Akwai ma wani ƙari na kan jarirai da littattafan likitanci ke kira da sunan su biyun, Adeloye-Odeku. Sai dai shekara da shekaru aikin na can Kudu, likitocin kuma 'yan ƙalilan ne.

14/ Mu koma gidanmu. Da Baba ya kai Nana asibiti, sai aka ce masa aiki za a yi, kuma ya shirya tafiya Ibadan. Baba tela ne. Ya je tashar New Road a Sabon Gari ya tambayo kuɗin mota, ya dawo ya zauna yana lissafi a bayan kwalin sabulu.

15/ Kuɗin mota, na masauki, na aiki, a garin da bai san kowa ba. Ga dangi na cewa wa ya taɓa jin an buɗe kan jariri ya rayu? Ya sa keken ɗinkinsa a kasuwa. Kafin kuɗin su haɗu Nana ta rasu, watanta goma sha ɗaya. Har Baba ya bar duniya ba ya son a ta da zancen.

16/ Cikin waɗanda suka sauya labarin a Arewa dole a ambaci Farfesa Bello Bala Shehu, ɗan jihar Kebbi. Ya ƙware a Birtaniya ya dawo gida, ya jagoranci kafa cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, ya yaye likitoci da dama.

17/ Yau ana wannan aiki a Sakkwato, a Shika ta Zariya, da nan Kano a asibitin Malam Aminu Kano da aka kafa a 1988. Asibitin ƙashi na Dala kuma na aikin ƙashin baya. Tafiyar da ta gagari Baba ta koma ta Adaidaita Sahu.

18/ Afirka ma ta ba da nata. Daga 2000, Dakta Benjamin Warf a Mbale ta Yuganda ya gano fiye da rabin yaran da yake gani, cutar da suka yi suna jarirai ce ta jawo musu ruwan, kamar Nana. Ya inganta aikin da ake huda wa ruwan sabuwar hanya da siririyar kyamara, babu tiyo. Ba kowane yaro ya dace da shi ba, likita ne ke tantancewa.

19/ A 2021 aka haifa wa yayata ɗa. Ran da ya cika wata uku Umma ta ɗora tafin hannunta a maɗigarsa, ta yi shiru, sannan ta ce wa yayata, "Ɗauko mayafinki." Ba ta saurari kowa ba. Aka yi hoton kai, aka sa masa shant a nan Kano. Yanzu haka yana Islamiyya, surutu kamar aku.

20/ Kar in yi muku ƙarya, abin ba sauƙi. Mun yi karo-karo kafin kuɗi su cika, mun jira layi, kuma likitocin har yau sun yi kaɗan. Shant na iya toshewa ko ya kamu da ƙwayar cuta. Duk ranar da yaron ya yi zazzaɓi da amai ko yawan barci, asibiti muke nufa a guje.

21/ Amma ku riƙe wannan: aikin na tsayar da ɓarna ne, ba ya dawo da abin da ruwan ya riga ya lalata. Kowane mako na jira yana da tsada. In kun je rigakafi ku ce a auna kan jariri da tef a rubuta a kati. Kai mai saurin girma, maɗiga a kumbure, ido na kallon ƙasa: asibiti, ranar.

22/ Ku kuma kai yara allurar sanƙarau. A 2024 Najeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV mai kariya daga nau'i biyar na ƙwayar cutar.

23/ Matar jiya na je na same ta, mun yi magana, gobe da safe Umma za ta raka uwar jaririn asibiti. Ku sa su a addu'a. In akwai mai irin wannan yaro a unguwarku, ku tura masa zaren nan. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa Nana mai ceto ce.