Ƙuncin Ƙofar Makarantun Jinya: Wa Rariyar Take Tacewa?

Gabatarwa

Duk shekara, da zarar an fara sayar da fom, makarantun koyon aikin jinya da ungozoma a Arewacin Nijeriya kan cika maƙil da masu nema, alhali guraben 'yan kaɗan ne. Da yawa na ganin wannan gogayya rariya ce da ke zaƙulo haziƙai. Wannan maƙala ta tsayu a kan cewa galihu rariyar take aunawa kafin hazaƙa.

Tushen Ƙuncin

Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda doka ta kafa a 1979, ita ke ƙayyade wa kowace makaranta yawan ɗalibanta, gwargwadon malamai da azuzuwa da asibitin koyarwa da take da su. Ta kuma shardanta kiredit biyar: Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, a zama ɗaya ko biyu. Wannan daidai ne, domin ran ɗan Adam za a danƙa wa ɗalibin.

Matsalar tana can baya. Yarinyar da ta gama sakandare a ƙauye ba ta taɓa shiga ɗakin gwaje-gwaje ba, ta ina za ta kara da 'yar birnin da aka biya wa kuɗin lesin? 'Yar ƙauyen ce kuwa ta fi yiwuwa ta zauna a ƙauyen ta karɓi haihuwa da tsakar dare, a yankin da mata da yawa ke ƙin zuwa awo in namiji ne zai duba su.

Ƙarin Gurabe Kaɗai Bai Isa Ba

A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da ɗaga guraben makarantun horar da ma'aikatan lafiya, har da na jinya, daga 28,000 zuwa 64,000. A shekarar ce kuma hukumar kula da aikin jinyar ta ce ma'aikatan jinya kusan 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Wato wani ɓangare na cunkoson nan na masu neman hanyar Ingila ne, su ma kuwa suna da hujjarsu: ƙarancin albashi da yawan aiki. Ƙara gurabe ba tare da gyara waɗannan ba ɗiban ruwa ne da kwando.

Kammalawa

Mafitar ba baƙuwa ba ce. Daga 2012 shirin Women for Health ya gwada shekarar share fage a Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe, inda ake ɗauko 'yan matan karkara a ƙarfafa musu darussan kimiyya kafin su nemi shiga. Ba a sassauta sharaɗi ba, ɗalibar aka ɗaga ta kai gare shi. Wajibi ne jihohi su mayar da wannan tsari nasu na dindindin, su horar da malamai, su ware wa kowace ƙaramar hukuma kasonta. Mai naƙuda a ƙauye ba makin jarrabawa take jira ba, ungozomar da za ta iso gare ta take jira.