Walƙiyar hasken UV da kashe ƙwayoyin cuta a ɗakunan sanyi: Yadda take aiki da iyakar ƙarfinta

Kasuwar shanu ta Potiskum da ke Jihar Yobe tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma. Akasarin shanun da ake saya a can, da ransu ake loda su a tireloli zuwa Legas da sauran biranen kudu, tafiyar da ke ramar da dabba, wani lokacin ma ta halaka ta a hanya. Wannan ne ya sa masana suka daɗe suna ba da shawarar a riƙa yanka dabbobin kusa da kasuwa, a kai naman cikin motoci masu sanyi. Batun ya ƙara samun ƙarfi bayan da Gwamnatin Tarayya ta kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi a shekarar 2024.

Sai dai duk mayankar da za ta yi aiki da ɗakin sanyi tana da tambayar da ba za ta kauce mata ba: da me za a tsabtace bango, ƙugiyoyi, tebura da kwalayen da ke cikin sanyin? Ɗaya daga cikin hanyoyin da ake amfani da su a duniya ita ce walƙiyar hasken ultrabayolet, wanda aka fi sani da UV.

Sanyi ba ya kashe ƙwayar cuta

Sanyi yana rage saurin hayayyafar ƙwayoyin cuta, amma da yawansu suna nan da rai. Ana ajiye ɗanyen nama tsakanin digiri 0 zuwa 4 a ma'aunin Salshiyas, daskararre kuma a digiri 18 ƙasa da sifili. Bakteriyar Listeria tana iya ci gaba da hayayyafa a sanyin firji. Ita ce ta haddasa ɓarkewar cuta a Afirka ta Kudu tsakanin 2017 da 2018, inda fiye da mutum 1,000 suka kamu, fiye da 200 suka rasu. An gano tushen cutar a wata masana'antar sarrafa nama da ke birnin Polokwane.

A watan Oktoban 2020, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar Sin ta sanar da gano ƙwayar korona mai rai a jikin kwalin daskararren kifi a birnin Qingdao. Wannan ya ƙara jawo hankalin masu bincike kan hanyoyin tsabtace kaya a cikin matsanancin sanyi.

Magungunan feshi ma sanyi yana raunana su. Ruwan kulorin da makamantansa suna aiki a hankali idan wuri ya yi sanyi, a cikin firiza kuwa daskarewa suke yi kafin su gama aiki, sai dai in an haɗa su da sinadarin hana daskarewa.

Yadda hasken yake kashe ƙwayar cuta

UV haske ne da idon ɗan Adam ba ya gani. An raba shi gida uku gwargwadon tsawon zangonsa, kuma rukunin da ake kira UV-C, mai zango ƙasa da nanomita 280, shi ne ya fi kashe ƙwayoyin cuta. Wanda rana ke fitarwa ba ya isowa ƙasa, domin sararin samaniya yana tare shi, shi ya sa ake samar da shi da fitila.

Tun a 1877 wasu masana biyu a Ingila, Arthur Downes da Thomas Blunt, suka nuna cewa hasken rana yana hana bakteriya yaɗuwa. A 1910 aka fara tsabtace ruwan sha da fitilar UV a birnin Marseille na Faransa.

Idan hasken ya sauka a kan ƙwayar cuta, yana ratsa ta ya lalata DNA ko RNA, wato kundin da take kwafa idan za ta hayayyafa. Ƙwayar da ta kasa kwafar kundinta ba za ta iya yaɗuwa ta sa mutum ciwo ba. Ƙarfin hasken ne yake yin wannan ɓarna kai tsaye, don haka zafi ko sanyin wurin bai cika sauya sakamakon ba. A nan ne haske ya fi maganin feshi dacewa da ɗakin sanyi.

Bambancin fitilu biyu

Fitilar UV da aka saba gani a asibitoci da masana'antun ruwan leda tana aiki ne da tururin zaiba, tana ba da haske mai zangon nanomita 254 ba tare da yankewa ba. Ta fi ƙarfi idan gilashinta ya kai kimanin digiri 40. A cikin sanyi tururin yana raguwa, hasken ya dushe, kamar yadda dogon ƙwan lantarki kan yi jinkirin kamawa da asubahin hunturu. Zaiba tana daskarewa baki ɗaya a kusan digiri 39 ƙasa da sifili.

Fitila mai walƙiya kuwa iskar zenon ce a cikinta, wadda ba ta zama ruwa sai sanyi ya kai kusan digiri 108 ƙasa da sifili. Na'urar tana tara caji a kafasita, sannan ta sake shi gaba ɗaya cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, kamar filashin kyamara amma da ƙarfi ninkin ba ninkin. Hasken da ke fitowa ya haɗa zango daga kimanin nanomita 200 zuwa 1,100. Ba ta buƙatar ɗumi kafin ta kama, kuma babu zaiba a cikinta, abin da ya dace da Yarjejeniyar Minamata ta 2013 kan rage amfani da zaiba, wadda Najeriya ta sanya wa hannu.

A 1996 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta amince a yi amfani da wannan walƙiya a kan abinci, bisa sharaɗin kada jimillar hasken ta wuce jul 12 a kan kowace murabba'in santimita, kuma kada walƙiya ɗaya ta wuce kashi biyu cikin dubu na daƙiƙa.

Inda ƙarfinta ya tsaya

Hasken yana kashe abin da ya haska ne kawai. Ƙarƙashin tebur, bayan ƙugiya, tsagar katakon sara da lungun kwali duk suna cikin inuwa, kuma ƙwayar da ke can tana tsira. Shi ya sa ya fi tasiri a kan ƙarfe mai santsi, gilashi da leda, ya kuma yi rauni a kan katako da jikin nama.

Datti ma garkuwa ne. Jini, kitse da ƙura suna shanye hasken kafin ya isa ga ƙwayar cutar. A ɗakin sanyi akwai ƙarin matsalar raɓa da ƙanƙarar da ke taruwa a kan kaya, waɗanda ke warwatsa hasken. A gari irin Potiskum, inda zafin bazara kan haura digiri 40, duk buɗe ƙofar ɗakin sanyi yana shigar da iska mai ɗumi, kuma da damina laimarta tana zama raɓa nan take. Ƙurar hunturu kuma tana iya rufe gilashin fitilar, don haka sai ana goge shi a kai a kai.

Nisa yana da muhimmanci. Idan aka ninka tazarar da ke tsakanin fitila da abin da ake haskawa, ƙarfin da ke isa gare shi yana komawa kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Ƙwayoyin cuta ma ba juriyarsu ɗaya ba. Bakteriya irin su Salmonella da E. coli suna mutuwa da wuri, amma masu shiga ƙwanso su kwanta, kamar mai haddasa cutar anthrax da aka tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja cikin Yulin 2023, suna buƙatar haske mai yawa. Hasken ba ya ratsa cikin tsoka, saboda haka ba ya maye gurbin binciken likitan dabbobi kafin yanka da bayansa. Idan aka wuce ƙima a kan nama, launinsa da ƙamshinsa suna iya sauyawa.

Lafiyar ma'aikata

UV-C yana ƙona fata, yana kuma jawo ciwon ido irin wanda masu walda suka sani, wanda kan taso sa'o'i bayan aiki kamar an zuba yashi a ido. Ba a kunna fitilar da mutum a ɗaki, kuma na'ura mai inganci tana kashe kanta idan aka buɗe ƙofa. Walƙiyar tana iya samar da iskar ozon mai cutar da huhu, don haka a bar iska ta sauya kafin a shiga. A ɗakunan ajiyar allurar rigakafi, inda ake riƙe sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, kada a haska kwalaben, domin rigakafin ƙyanda da na BCG haske yana lalata su.

Abin da ya kamata a duba kafin saye

Na'urar tana da tsada, tana kuma son wutar lantarki tsayayya, ko daga layin kamfanin rarraba wuta na Yola, wanda Yobe ke ƙarƙashinsa, ko daga sola da batir. Mai saye ya nemi shaidar cewa an gwada ta a irin sanyin ɗakinsa, domin kafasita da wayoyinta na iya gazawa ko da fitilar ta jure. Ya kuma tanadi ma'aunin da ke nuna yawan hasken da ya isa kowane lungu, tare da ɗaukar samfuri zuwa ɗakin gwaji lokaci zuwa lokaci.

Tsarin aikin shi ne a kankare datti, a wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, a bari ya bushe, sannan a haska. Mayankar da ba ta da wadataccen ruwa da magudana mai kyau, waɗannan ne ya kamata ta fara samarwa kafin ta sayi fitila.